Akwatin Tambayoyi: Wasan tuƙa tsoffin jiragen ƙasa a kwamfuta

Assalamu alaikum jama'a. Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, wato wasannin nan da mutum zai zauna gaban kwamfuta ya tuƙa jirgin ƙasa irin na da, masu kwal da masu gazuwal. Na tsinci guda biyar, sauran ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

Tambaya: Salam Kawu. Ni ɗalibi ne a Injamena, ban taɓa ganin jirgin ƙasa da idona ba tunda kasan mu nan Cadi ba mu da dogo ko na taku ɗaya. Sai na ga wani bidiyo a YouTube mutum yana tuƙa jirgi mai hayaƙi a kwamfuta, ga tasha ga gada ga komai. Wai waɗannan hanyoyin da gaske akwai su a duniya ko zane ne kawai? Kuma da wanne zan fara, laftof ɗin ta yayana ce ta tsufa, ga mega da tsada.

Amsa: Wa alaikumussalam ɗana. Akwai su fa, da yawansu ma har gobe jirgi na bi. Masu yin wasan ba zama suke su zana hanya daga ka ba, taswira suke nema da tsoffin hotuna da jadawalin jirgi na shekarar da suke so, su auna hawa su auna gangara, sigina ma inda take a wancan zamanin nan za su dasa ta. Wanda ya fara yin suna sosai shine Microsoft Train Simulator da ya fito a 2001, da layi shida ya zo, biyu a Amurka biyu a Japan ɗaya a Ostiriya ɗaya a Ingila. Na Ingilan shine daga Settle zuwa Carlisle, layin da aka buɗe wa fasinja tun 1876, ya ratsa tsaunuka yana hawa yana sauka, a kansa akwai gadar Ribblehead mai baka 24 ta dutse da bulo, kuma kan jirgin da suke ba ka shine Flying Scotsman wanda aka ƙera a 1923 ya yi gudun mil 100 a awa a 1934, kusan kilomita 160 kenan, da kwal da ruwa kawai.

Bayan shi akwai Trainz na wani kamfani a Ostireliya, shima 2001 ya fara. Sai RailWorks na 2009 wanda yanzu ake kira Train Simulator Classic, sai Train Sim World da ya zo 2017, ina ganin ma shi ka gani a bidiyon dan shine mai kyan hoto, a cikinsa sun maido da layin Liverpool zuwa Crewe yadda yake a 1958 da jiragen kwal ɗinsa. Amma gaskiya ban ba ka shawarar shi ba. Yana son kwamfuta mai ƙarfi ko PlayStation, sauke shi kaɗai giga ne masu yawa, kuma kowane ƙarin layi sai ka sake biya da katin banki.

Kai dai nemi Open Rails. Kyauta ne, masu sha'awa ne suka haɗu suka rubuta shi, yana tafiya a Windows, yana karanta layukan tsohon wasan Microsoft ɗin nan, kuma da ka sauke shi sau ɗaya shikenan ba ruwanka da intanet. Akwai layukan kyauta da ake samu nasa, har da na Zig Zag na Ostireliya wanda jirgi ke hawa dutse yana gaba yana baya. Ka rage inuwa da nisan hange a saitin hoto, tsohuwar laftof za ta ɗauka. Ka ɗora ta kan wani abu iska na shiga ta ƙasa, kar ka sa ta kan katifa, zafin watan Afrilu na Injamena kaɗai ya ishe ta. Sannan ka rabu da masu cewa zo ga wasan kuɗi a kyauta an fasa shi, ta nan ƙwayar cuta ke shiga kwamfuta, ga shi kuma ba taka ba ce. Na waya akwai su, Trainz ma yana da na Android, saidai yawancin na waya gaba da birki ne kawai, ba za ka koyi abin kirki ba.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni bakanike ne a Garwa, injin gazuwal nake gyarawa tun ina saurayi. Yarona ya sa min wasan nan, mai gazuwal ina tuƙa shi lafiya lau, amma mai kwal ɗin nan da na tashi sai ƙafafun su yi ta juyawa a wuri ɗaya, in kuma ya samu ya tafi kafin mu kai kan hawa ƙarfi ya ƙare ya tsaya. Wasan ne ya lalace ko ni ne?

Amsa: Barka kadai maigida. Wasan lafiyarsa ƙalau, hannun gazuwal ka kawo wa jirgin tururi. Injin da ka saba ka taka totur ya ba ka ƙarfi nan take, shi kuwa wannan ƙarfin tara shi ake a tukunya, wuta na dafa ruwa tururi na taruwa, abin da ka kashe yanzu sai wuta ta sake biya, kuma ba ta biya da sauri.

Bari mu fara da ƙafa. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, riƙonsa kaɗan ne, in ka buɗe hannun tururi gaba ɗaya a tashi dole ya yi sulɓi, balle in an yi ruwa. Buɗe kaɗan, ka jira ka ji taragai sun miƙe ɗaya bayan ɗaya, in ya fara sulɓi ka rufe tukun ya kama sannan ka zuba yashi ka sake buɗewa. Kuma ka bar ƙananan famfunan silinda a buɗe a tashin farko, wannan farin tururin da kake gani yana fita ta gefe a tsoffin hotuna ba ado ba ne, ruwan da ya kwanta a silinda ake korewa, kai ka fi ni sanin abin da ke faruwa in fistin ya tarar da ruwa a gabansa.

Maganar ƙarewar ƙarfi kuwa, hannu biyu ne a gabanka ba ɗaya ba. Na biyun, wanda kake turawa gaba ko baya, ba zaɓen alƙibla kawai yake yi ba, shi ke yanke yawan tururin da zai shiga silinda a kowane bugun fistin. A tashi ana sa shi wajen kashi 75 cikin ɗari, da jirgi ya ɗau gudu sai a dinga janyo shi baya har wajen 25 ko ƙasa da haka, tururi kaɗan ya shiga ya buɗe da kansa ya ƙarasa turin. Yawancin masu koyo a 75 suke barinsa, jirgi na ta kuka mai daɗi bututu na ta feshi su suna murna, allurar da ke nuna ƙarfin tururin tukunya kuwa tana ta sauka.

Sai aikin mai wuta, wanda a jirgin gaske mutum guda ne da shebur ɗinsa. Kwal kaɗan kaɗan akai akai, in ka ga hayaƙi ya yi baƙi ƙirin ka cika shi iska ba ta isa, asara kake. Ruwan da kake ƙara wa tukunya yana sauke allura, dan haka tun a fili kake cikawa kafin hawa, ba a tsakiyarsa ba. Akwai wani ɗan bututun gilashi a gabanka da ke nuna ruwa, ka sa masa ido sosai. A hawa ruwan yana kwantowa baya wajen wuta sai gilashin ya nuna maka ya cika, kana kaiwa ƙoli jirgi ya sunkuya sai ka ga ruwan ya zurare ƙasa a gilashin cikin ƙiftawar ido dan ya gudu gaba, rufin akwatin wuta ya zauna ba ruwa a kansa. Masu ƙera jirgi sun sa wani toshi mai dalma a rufin wanda zai narke ya yi gargaɗi, a wasan in ya narke tafiya ta ƙare. Wallahi duk sanda na kai nan sai na tuna mutanen da suka yi wannan aikin a dogon Najeriya da kwal ɗin Inugu, suna jan gyaɗa daga Kano cikin zafin bazara, ga rana ga wutar tukunya. In abin ya maka yawa a farko akwai inda zaka danna kwamfuta ta riƙe aikin wuta kai ka ji da tuƙi, amma mutum irinka nasan ba zai daɗe a haka ba.

Tambaya: Malam ni uwa ce daga Marwa. Ɗana ɗan shekara 14 ya maƙale wa wannan wasan jirgin, sai ya yi awa biyu yana kallon dogo kawai ba ya ko motsi. Ina tsoron kar ya shagala da karatu. In hana shi?

Amsa: Hajiya kar ki hana, ki tsara masa. A cikin wasannin da yara ke yi yanzu wannan yana cikin masu dama, ba harbi ba zagi ba caca, kuma wannan shirun da kika gani lissafi yake, saura kilomita nawa tasha, gudun nawa aka yarda, yaushe zai fara birki. Yana tsintar Faransanci ko Turanci a ciki ba tare da ya sani ba. Sharaɗi dai, in an kira salla a danna tsayawa, wasan na jira, aikin lekol ya riga shi, kuma kar ya kwana da kwamfutar a ɗaki. Katin banki kar ya shiga hannunsa dan tallar ƙarin layuka ba ta ƙarewa. In hali ya yi wani hutun a kai shi Ngaundere ya ga na gaske ko daga bakin lagar ne, wato tashar jirgin.

Tambaya: Gaisuwa Malam. Direban tirela ne ni, Ngaundere zuwa Kusiri nake yi. A waya da kwamfutar abokina na gwada jirgin kaya mai gazuwal na Amurka, a gangara ina taɓa birki ina saki ina taɓawa ina saki sai kawai birkin ya daina kamawa jirgi ya kwace. Haka na gaske yake yi?

Amsa: Haka yake yi direba, kuma kai da kake sauka Falez, gangaren nan na bayan Ngaundere, da lodi ka riga ka san rabin amsar, wanda ya yi ta fama da feda tun daga sama iskarsa kan ƙare kafin ya ga garin Mbe da ke ƙasan gangaren. Na jirgi ma iska ce amma tsarin ya sha bamban. Bututu ɗaya ne ya bi jirgin tun daga kai har taragon ƙarshe cike da iska, kowane tarago da ɗan tankinsa. In direba zai yi birki rage iskar bututun yake, sai kowane tarago ya ɗebi ta tankinsa ya matse ƙafa. George Westinghouse ne ya fito da wannan dabarar a 1872 a Amurka, kuma hikimarta itace in jirgi ya tsinke biyu iska ta fice, duka ɓangarorin biyu su tsaya da kansu. Matsalar tana wajen saki. In ka saki, tankunan nan sai an sake cika su ta wannan siririn bututun guda ɗaya, a dogon jirgi abin na ɗaukar mintuna, kai kuma ka sake taɓawa kafin su cika, ka sake, ka sake, kowane taɓi ya fi na baya rauni har ka ja hannun ka ji ba komai.

Abin da zaka yi, tun kafin ƙoli ka rage gudu, kar ka shiga gangara da zafi. Sannan ka fara da birkin lantarki. Kan jirgin gazuwal irin waɗannan injin ba shi ke juya ƙafa kai tsaye ba, janareta yake juyawa, wutar ta tafi wa motocin lantarki da ke jikin ƙafafu. A gangara sai a juya aikin, motocin su koma janareta suna riƙe jirgi, wutar da suka haifa a ƙone ta a wasu ƙarafa a saman kan jirgin fanka na hura su, wannan ƙugin da kake ji kenan. In bai isa ba ka ƙara na iska ɗan kaɗan ka bar shi a kame, ba taɓa ka saki ba. Marias Pass a jihar Montana da Sand Patch su ne makarantar wannan darasin a wasannin.

Mu a Kamaru wannan ba maganar wasa ba ce a wajenmu. Ranar 21 ga Oktoba 2016 jirgin fasinja daga Yawunde zuwa Duwala ya kife a Eseka, ranar hanyar mota ta yanke an ƙara taragai jama'a sun cika, jirgin ya sauko gangara da gudun da ya wuce ƙa'ida nesa ba kusa ba, hukuma ta ce mutum 79 suka rasu. Allah ya jiƙansu ya ba iyalansu haƙuri. Shi ya sa ba na son in ga yara suna kifar da jirgi a wasan da gangan suna ɗauka suna dariya. Kuma iya wasan bai sa mutum ya zama direban jirgi ba, na gaske sai ya yi horo ya san hanyar kwana kwana.

Tambaya: Salamu alaikum Yaya. Daga Ngaundere nake rubutowa. Mahaifina tsohon ma'aikacin dogo ne tun zamanin Regifercam, tsohuwar hukumar jirgin ƙasa ta Kamaru, yanzu ya tsufa yana gida. Na nuna masa wasan ya yi ta kallo, sai ya ce to ina namu layin? Na duba ban gani ba. Me ya sa babu, kuma mutum zai iya yin sa da kansa?

Amsa: Wa alaikumussalam ƙanena, ka gaida Baba da kyau, Allah ya ƙara masa lafiya. Tambayarsa ita ta fi ci min rai a duk wasiƙun makon nan. Kamfanonin inda masu saye suke nan suke bi, Ingila da Jamus da Amurka, shi ya sa zaka ga ƙaramin reshe na wani ƙauyen Turai da aka rufe tun kafin a haife mu an gina shi har da bencin tasha, namu kuwa shiru. Afirka ta Kudu ta ɗan samu shiga, a Train Simulator Classic akwai layin Outeniqua Choo Tjoe daga George zuwa Knysna, jirgin kwal ne na bakin teku wanda ambaliyar 2006 ta lalata masa hanya, amma a wasan yana nan yana tafiya. To mu fa?

Ba abin ginawa muka rasa ba. Jamusawa sun kai dogo daga Bonaberi da ke Duwala zuwa Nkongsamba a 1911, kilomita 160. Layin tsakiya da ya taso daga Duwala ya isa Yawunde a 1927, ya kai Belabo 1969, sannan ya shigo Ngaundere 1974, daga Yawunde kilomita ɗari shida da ɗoriya, faɗinsa mita ɗaya cif, ba irin tsohon na Najeriya ba mai milimita 1067. Layinku a zamanin gazuwal aka buɗe shi, dan haka mai son hayaƙin kwal sai ya koma na kudu, ko ya tsallaka ya gina na Kano da jirgi ya isa a 1911, ko ɗan siririn nan na Zariya zuwa Jos da aka rufe a 1957. Kamfanin Camrail ya karɓi aikin dogon daga Regifercam a 1999, kenan zamanin da Baba ya sani, launin fentin kan jirgi na lokacin, irin taragan, yadda ake ba da hannu a ƙananan tashoshi, ya riga ya zama tarihi, a cikin kawunan irin su Baba yake zaune.

Ana iya yi, kuma yawancin layukan kyautar nan da muke tuƙawa mutum ɗaya ne ko biyu suka gina a ɗakinsu bayan sun tashi aiki. Trainz ya fi sauƙi dan ya zo da wajen gini a cikinsa, jan dogo kake da maus kana dasa itace. Na Open Rails akwai manhajar TSRE kyauta amma tana son haƙuri. Tudu da kwari ba sai ka auna da ƙafa ba, hukumar NASA ta auna tsawon ƙasa daga sama a shekarar 2000 ta saki bayanan kyauta, a kansu ake shimfiɗa taswirar tauraron ɗan adam a bi dogon. Gine gine da kan jirgi kuma da Blender ake sassaƙa su, shima kyauta ne, saidai koyonsa na cin watanni. Dogo mai faɗin mita ɗaya akwai waɗanda masu layukan wasu ƙasashe suka riga suka yi, ka nemi izininsu ka yi amfani da shi.

Shawarata kar ka ce Yawunde zaka kai, mutane da yawa a nan suke karaya. Fara da lagar ɗin Ngaundere kanta da 'yan kilomitocin farko. Ka sa inda ake lodin shanu, ka sa dilolin auduga da ke saukowa daga Garwa da Cadi, da tirelolin da ke jiran kaya. In Allah ya sa ka kai Ngaundal wata rana kar ka bar dandamalin fayau yadda Turawa ke barin nasu, jirgin dare in ya tsaya a nan mata ne ke bin tagogi da tocila da kwalaben zuma a ka suna kira, fasinjan kushet, wato taragon kwana, na miƙo hannu yana neman canji jirgi na shirin tashi, in babu wannan ba layinmu ka gina ba.

Amma kafin ka taɓa kwamfuta, gobe goben nan ka zauna da Baba ka kunna rikoda ta waya. Tambaye shi sunayen tashoshi a jere, ina ne hawa ke wahalar da jirgin kaya, ina shanu ke tsallaka dogo, me ake yi in damina ta cinye ƙasan dogo, wane irin ƙaho ake busawa kafin mararraba. Ya kira maka abokan aikinsa da suka rage, a duba akwatuna ko akwai tsohon hoto ko katin aiki ko jadawali, ka ɗauke su da waya ka mayar musu da abinsu. Hoton cikin tasha kuwa kar ka ɗauka sai ka nemi izinin masu wurin, wajen tsaro ne, kar a kama ka a banza. In ka gama lagar ɗin ka turo mana hoton allon mu buga a wannan shafin, akwai masu karatu a Garwa da Injamena da nasan za su so su sa hannu a sauran.